Kwalin Sukari a Moton Sumana

Zuwa ga Sumana ɗan Zabarmawa, bawan gidanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya haskaka makwancinka, na san sarai wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu faktar ɗin gidan waya da ke kai saƙo inda kake. Ko da kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba. Cewa za ka yi tabaraunka ya ɓata, ka miƙo mini ita in karanta maka abin da ni na rubuta da hannuna, kana katse ni kana gyara mini Hausa, kai da har ka koma ga Allah ba ka daina ce wa matarka "shi" ba. Duk da haka zan rubuta, don labarin ya yi mini yawa a ciki, kuma ba ni da wani wanda zan ba labari ina zaginsa yana jin daɗi.

Ranar da muka kai ka, mutane sun yi ta satar kallona. Sun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme ko makara ba ta hana wasa, suna jira in tare hanya in ce ba za a rufe bawana ba sai an ba ni goro. Ban tare ba, Sumana. Tun muna samari nake shirya maganar da zan yi maka a wannan rana, sai ga shi an rufe ka ban faɗe ta ba. Kada ka ɗauka ka ci ni, ajiye ta na yi.

Fadarmu tana nan gindin dogon yaro, sai dai shayin ya lalace, don Abdu tela ne ke dafawa yanzu, shi kuwa tun da lokotoron asibiti ya tsorata shi yake jin tausayin sukari. Alhaji Tanko mutumin Damagaram ya gaje kujerarka, ya kuma gaje gardamarka, amma bai kai ka iya yin kuskure da babbar murya ba. Ɗanka Bube ya ƙare gininsa na unguwar Bobiyel, ya so ya ɗauke mahaifiyarsa daga gidanka na Banifandu, ta ce ba inda za ta. Ita ce dalilin wannan takarda.

Matarka Haisa ta fita takaba lafiya, amma ba ta cin abinci. Ban ce ta rage ba, cewa na yi ba ta ci. Da safe ta kurɓi kunu ta ture, na rana kuwa ko buɗe kwanon ba ta yi. Matar Bube ta dafa duk abin da ta iya, har kifin gulbi ta sa aka nemo, a banza. Aka kai ta likita, lokotoro ya auna nan ya auna can, ya ce shi bai ga sabuwar cuta ba in ban da yunwa, kuma in ta ci gaba haka maganin sukarin da take sha ne zai kayar da ita. Da na je gaishe ta na same ta kan tabarma, duk ta zube, awarwaronta yana yawo har gwiwar hannu. Idon nan nata da ka sani ya ƙara dushewa, da murya ta gane ni. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na tambaye ta cikin wasa ko ita ma so take ta bi ka, ku bar ni ba bawa ko ɗaya. Ta ce a'a, moto ne kawai ba ta ji ba. Na yi shiru, na ce a raina shi ke nan, kai ya taɓu. Ta gane. Ta ce in daina yi mata wannan shirun, ta san inda kake, ita ta ba da turaren da aka sa wa likkafaninka. Amma tun tana amarya ba ta taɓa sanin midi, wato tsakar rana, da agogo ba. In ta ji motonka ya karyo kwanar masallaci yana tari sai ta sauke tukunya, kafin ya yi harbin nan nasa mai kama da na bindiga a ƙofar gida ta zuba, kai ka ci a rumfa, ita ta ci a gindin murhu. Yanzu rana ta take ta karkata ba ta ji komai ba, bakinta kuma ya ƙi buɗuwa. Me zan ce mata? In ce ta daure ta ci don Allah? An faɗa mata haka har an gaji.

Duk Banifandu ta san wannan ƙarar. Baƙin moton nan naka mai inji tukunya guda, wanda ka saya hannun Nasaran da zai koma ƙasarsu, kaji suna watsewa tun ba a hango ka ba, ladan ma ya taɓa sake kiran salla daga farko saboda shi. Tun ranar da ka faɗi a fada aka ɗauke ka a taksi, aka turo shi gida da hannu, yana jingine bayan madafa, kajin da yake kora sun mai da shi wurin kwana. Na ce wa Bube ya bar mini, ni zan tada shi. Ni Mushe Garba, malamin makaranta, da na ƙare rayuwata a lakwal da alli a hannu, ko lagwanin fitila ban taɓa gyarawa daidai ba.

Na kira Lawali, makanisiyen nan na bakin kasuwar Lazare da ka hana taɓa motonka tun yana koyon aiki. Ya zo da rawar jiki, ya daɗe yana son ganin cikin abin. Ya kwance karbiratar, wato ƙoƙon nan da ke gauraya isansi, man moto, da iska kafin inji ya sha, ya buɗe shi a kan faranti. Sumana, me ka yi wa wannan abu? Isansin ciki ya daskare ya zama ƙaro. Ɗan tulun da ke shawagi a ciki yana tsai da mai in ya cika ya huje, ka liƙe shi da sabulu. Allurar ta cinye, ka tallabe ta da guntun waya. A wuya kuma, inda karbiratar ke haɗuwa da inji, maimakon juwan, wato ƴar shimfiɗar da ke hana iska kutsawa, wani baƙin abu muka tarar da ya zama gari. Lawali ya kankare shi ya zubar, ya wanke hannu, ya ce a iya saninsa wannan moto bai kamata ya taɓa tashi ba, ikon Allah ne kawai ya yi ta kai ka yana maido ka. Na ce masa ai Bazabarme da ikon Allah yake yin komai, tunda ranar da aka raba dabara yana barci.

Tsohon ba ya gyaruwa, sai sabo. Muka sha yawo rumfa-rumfa wurin masu kayan moto, duk wanda ya ga naka sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Daga ƙarshe muka samu wanda bakinsa ya yi daidai da wuyan injin. Ɗaurawar ma wani aiki ne. Wayar gaz, wadda ke ƙara wa inji mai in an murɗa hannu, ta yi tsawo, aka rage, ta yi gajarta, aka nemo wata. Tiyon mai ya bushe, a hannu ya tsage. Lawali ya sa sabon juwan, ya ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, wai kada bakin ya karkace. Ya nuna mini bis, ƴan ƙusoshin murɗawa, guda biyu a jikin karbiratar ɗin. Ɗaya na ralanti ne, shi ke hana inji mutuwa in an saki hannu. Ɗayan na iska ne, shi ke raba gardama tsakanin mai da iska. Ya ce ba a taɓa su sai inji ya yi ɗumi. Ya taka, moto ya tashi, ya bar shi ya ɗumama, sannan ya riƙa juya su da turnabis, ƙarfen murɗa bis, a hankali yana karkata kunne. Can ya kashe, ya kwance buji, mai ba inji tartsatsin wuta, ya nuna mini bakinta, ba baƙi ba fari, launin soyayyar gyaɗa. Ya ce haka ake so.

Tsakani da Allah ban taɓa sanin motonka yana da murya mai daɗi haka ba. Tif, tif, tif, a natse, ba tari ba hayaƙi. Kaji ko ɗaga kai ba su yi ba. Muka dubi ƙofar ɗaki muna jiran yabo. Haisa ta aiko matar Bube ta tambaya wa ya kawo keken ɗinki tsakar gida, in Abdu tela ne a ce masa ana ciwon kai. Da aka ce mata ai motonka ne, ta ce to an musanya mana shi a hanya, mu koma mu nemo. Lawali ya tattara kayansa, ya ce shi gyara ya koya bai koyi ɓatawa ba, ya bar mini turnabis ya yi tafiyarsa. Ranar ma ba ta ci ba.

Washegari na kira ƴan fada, a tunanina hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ashe miyar ce za ta ƙara ƙazanta. Kowa ya rantse ya haddace ƙarar motonka. Alhaji Tanko ya tsaya da babbar riga da carbi a hannu yana yin ta da baki, kumatu a kumbure, yana cewa a ƙara mai. Abdu ya ce ba haka take ba, ta hanci take fita, ya yi tasa, ya ce a ƙara iska. Ni ina durƙushe a tsakiya da turnabis, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Muka shaƙe inji da mai har hayaƙi ya koro matar Bube daga madafa, buji ta yi baƙi ƙirin, muka goge ta da jelar rawanin Alhaji bai sani ba. Muka buɗe iska har moto ya riƙa haki yana mutuwa. Wajen takawa kuwa ƙarfen ya dawo ya doke ni a ƙwauri, sai da na ga wuta, kuma na rantse na ji dariyarka ta bayan katanga. Kafin la'asar Alhaji da Abdu sun daina yi wa juna magana, dattawa da jikokinsu, a kan tarin moton mamaci. Da kana nan da ka sha kallo.

Ana cikin haka Haisa ta fito da kanta tana dafa bango, ta sa aka ajiye mata kujera ƴar tsugunne. Ta ce mun ishe ta, tun safe muke yi wa mijinta ƙazafi da ƙarar da ba tasa ba. Sannan ta tambaya ko mun sa kwalin sukari. Muka dubi juna. Ashe baƙin garin nan da Lawali ya kankare kwalin sukari ne. Ashe lokaci lokaci sai ka shiga madafa ka juye mata sukari a kwano, ka ɗauke kwalin, ka yanka shi da almakashinta ka sa a wuyan karbiratar, wai sayen juwan aikin ragwaye ne. Ta ce ta yi ta faɗa da kai a kan kwalin nan har ta haƙura ta riƙa ajiye maka. Ta aika ɗaki aka ɗauko, sai ga su a ninke an ɗaure da zare, har cikin takaba tana tarawa don hannu ya saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu magana. Kai kuwa yoyon ne kake sabuntawa da hannunka, iska tana kutsawa ta kwali, moto yana tari, kai kana ce mana ƙarfin inji ne.

Na cire sabon juwan ɗin Lawali ina neman gafararsa a zuci. Abdu ya yanka kwalin, yanka dai sana'arsa ce. Haisa ta ce kada a ɗaure ƙusar ƙasa tam, kai ba ka taɓa ɗaure ta ba, kullum kana mitar hannunka ba ya shiga wurin. Muka tada, inji ya yi ɗumi, ta karkata kai. Ni ina juya bis ɗin iska, ita tana ba da umarni kamar mai ɗanɗana gishirin miya: ƙara kaɗan, ya yi yawa, koma, tsaya nan. Da na murɗa gaz na saki, sai ga tarin nan ya fito, busasshe, irin na tsoho mai shan taba. Alhaji Tanko ya ce shi dama haka ya faɗa tun safe. Abdu ya ce shi ne dai ya faɗa. Haisa ta ce ya yi kusa, amma moton da ke tsaye tsakar gida ba dawowa ya yi ba. Sai ya taho daga masallaci, kuma da midi.

Bube ya ce shi mota ya iya. Alhaji ya tuna yana da ciwon baya, Abdu ya tuna da ɗinkin mutane, sai ni. Rabona da tuƙa moto tun ina koyarwa a ƙauye, kullum a bayanka nake, ina riƙe da hulata ina zaginka. Washegari da hantsi muka tura shi har bayan masallaci. Da rana ta take na yi bisimilla, na karanta duk abin da na haddace, na taka. Na karyo kwanar, na saki gaz a gangaren nan yadda kake yi, ya fara tari. Sumana, kaji suka watse. Mai butiki ya fito da mudu a hannu. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta kira sunanka, sannan ta kama baki. Ni kuwa rairayi ya kama ƙafar gaba, kan moto yana ta rawa, na manta inda birki yake, ban tsaya ba sai da na dangana da tulin yashin maƙwabcinka. Na murɗa gaz na kashe, yadda ka saba. Ya yi shiru har na ce ba zai yi ba. Sannan ya yi harbin.

Na shiga gida ina ɗingishi, yashi har cikin kunne. Na tarar an shimfiɗa tabarmarka a rumfa, ga kwanonka a rufe, ga ruwan wanke hannu. Ita ta zuba da kanta, matar Bube ta ce ƙwace ludayin ta yi daga hannunta. Dambu ne da kopto, ganyen nan naku da na yi shekara da shekaru ina ce maka abincin awaki ne. Na zauna na ci, don ba a barin kwanon maigida a rufe. Daga inda nake ina hango ta a gindin murhu tana kai loma baki, hawaye na zuba, kuma ba ta daina ci ba. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana cin abinci irin na ranar ba. Na cinye naka tas, amma ko gaban alƙali aka kai ni ba zan ce ya yi daɗi ba.

Da ta wanke hannu na ce mata gobe ma zan zo da midi, da jibi, har sai ƙafata ta ƙarasa karyewa. Ta ce a'a Mushe, ya isa. Ta ce ranar da ka faɗi ta ɗora tukunya da wuri, don da za ka fita ka ce mata kana sha'awar dambu. Ta zauna tana sauraro har azahar ta wuce, sai ta ji ana turo ƙarfe a ƙofar gida babu inji, tun kafin a yi sallama ta gane. Tun ranar kunnenta yana can kwanar masallaci yana jira ka ƙaraso. Yau ka ƙaraso, an zuba maka, an ci. Ta ce in cire kwalin in mayar wa ɗan mutane da juwan ɗinsa, a kuma gaya wa Bube ya zo da mota ya kwashe kayanta.

Tana Bobiyel yanzu. Bube ya ce tana ci, har ta fara cewa matarsa ba ta iya gishiri ba, ka ga lafiya ta samu. Moton ta ba ni, wai ladar bawa ce da ya yi wa gidan ubangidansa hidima. Na karɓa, don mai ciwon ƙwauri ba ya iya doguwar gardama.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya maka ba, kuma da kana da bakin ba ni amsa da ba zan faɗa ba. Ba ita kaɗai ke sauraron moton nan ba. Duk yamma in na ji tarinsa daga nesa sai in ce wa ƴan fada ga masifa nan ta taho, amma a lokacin nake gyara zama, a lokacin hira ke fara yi mini daɗi. Na yi kewarka, Sumana, kewa mai tsanani. Wa zan zaga yanzu ya rama? Lawali yana ta aiko mini in kawo moton ya mayar da juwan, kafin iskar da ke kutsawa ta lalata injin. Gaskiyarsa ce, na sani. Kullum sai in ce masa gobe. Ita ta ji ka dawo, ta sallame ka. Ni har yanzu ban shirya ba.

Ka huta lafiya. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. In an ba ka abin hawa a can, don Allah ka bar shi yadda aka ba ka.

Ubangidanka har abada,
Mushe Garba Bagobiri, Lazare, Yamai